Likkafanin Inna

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni da Yaya, kuma tun ina ƙarama na san wadda aka fi so. Ba wanda ya taɓa faɗa mini. Inna mutuniyar da ce, mai alkunyar 'yar fari: ba ta kama sunan Yaya, ba ta kallonta ido cikin ido, ba ta yabonta a gaban kowa. Ni kuwa auta, kullum ina bakinta. Auta ɗauko mini wancan, Auta ina kika kai ludayi, Auta wutar nan ta mutu. Baƙon da bai san halin iyayenmu ba sai ya ce ni ce 'yar gata. Ni da nake cikin ɗakin na san wadda ake kira don aike, na kuma san wadda ake yin shiru a kanta.

Babanmu Bakano ne da fataucin goro ya kai shi Kankan, a ƙasar Gini, ya zauna. Can Yaya ta yi aure, ta auri wani marini ɗan unguwarmu. Ba a daɗe da bikinta ba Baba ya ce shi fa Gabas ta kira shi, ya tattara ni da Inna muka kama hanya a ƙasa. Mun yi shekaru muna tafe muna tsayawa. Mun tsinci auduga a Sudan har yatsunmu suka tsage, sannan muka samu na ƙetare teku. Baba ya yi Hajjinsa guda, ya kwanta da zazzaɓi, bai tashi ba. Ranar ba mu da ko ƙyallen rufe shi. Likkafanin sadaka aka kawo, gajere, sai da aka haɗa da rawaninsa kafin ƙafafunsa su rufu. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, amma da aka watse ta ce mini, “Auta, duk talaucin da zan yi, kada ki bari a rufe ni da na roƙo.”

Haka muka zama 'yan Jarwal, wata unguwar baƙi a Makka. Ɗakinmu na gwangwanayen kananzir ne da aka fasa aka miƙe aka kafa a jikin katako, a gefen dutse, inda rana ke dafa mutum tun hantsi. Ba mu da iƙama, wato takardar zama, ba mu da fasfo, ba mu da komai mai hatimi. Na yi aure, auren bai yi tsawon rai ba, na dawo wajen Inna. Ina soya gyaɗa in kai bakin kasuwa, ina ɗinkin hula da 'yan riguna da hannu, in lokacin Hajji ya zo in yi wa alhazai wanki. Da an ce ga askar nan, wato 'yan sanda, sai kowa ta suri farantinta mu bazu cikin lunguna. Na san kowane lungu na Jarwal da gudu kafin in san shi da tafiya.

Cikin wannan halin na sayi likkafanin. Wata shekara aka yi alhazai da yawa, na yi wanki har fatar hannuna ta saɓule, ban sayi takalmi ba, ban sayi zane ba. Na je wajen mai yadi na ce ya sauko mini da alawayyo mai kauri, ba irin wanda ake hango rana ta cikinsa ba. Na sa ya auna da yalwa don kada a yi irin ta Baba. Na kai shi Harami, na sayi ruwan Zamzam a wajen masu ɗebowa, na jiƙa shi sharkaf, na shimfiɗa a kan tsakuwar farfajiya kamar yadda alhazai ke yi da nasu, na zauna ina korar tantabaru har ya bushe. Da na kawo gida Inna ta shafa shi, ta kai hanci. Sannan ta dube ni sosai ta ce, “Allah ya yi miki albarka. Ke za ki naɗe ni a ciki.” Muka sa shi a akwatin ƙarfe da kafur. Duk shekara mukan fito da shi ya sha iska mu mayar. A duk duniya wannan ne abu guda da Inna ta ware ta ce nawa ne da ita, babu Yaya a ciki.

Don a sauran komai Yaya na ciki, ko da ba a ambace ta ba. Alhazan da ke zuwa daga yamma sukan kawo labarin Gini guntu-guntu. Wai ƙasar ta sallami Faransawa, ta buga kuɗinta, ta ja ƙofarta ta rufe. Wai gwamnati ta karɓe ciniki daga hannun 'yan kasuwa ta buɗe kantunanta, kowane gida an ba shi kati, da shi za a je a karɓi shinkafa da mai da sukari a farashi ɗaya, mai kuɗi da talaka. Inna ta haddace wannan labari kamar karatu. Maƙwabta na zaune sai ta ce, “An ce a can ƙasar ba mai kwana da yunwa.” In ta ce can ƙasar, kowa ya san wa take nufi.

Ni abin da ya tsaya mini a rai katin ne. Ina tsugune gaban kasko hayaƙi na cin idona, sai in riƙa tunanin wata mata mai kama da ni tana tafe a tsakiyar titi, ba gudu, ba waiwaye, ta miƙa kati mai sunanta a zuba mata shinkafa. Hukuma ta san da ita, ta san yawan 'ya'yanta. Ni kuwa in na faɗi na mutu a bakin kasuwa babu wata takarda a doron ƙasa da za ta ce an taɓa yi na. Na yi kishin katin nan kafin in taɓa ganinsa.

A tsakiyar shekarun sittin ne, ana saura kaɗan a hau Arfa, wata maƙwabciyarmu ta yi sallama ta ce, “Hajja, ga baƙi na neman ku.” Mata biyu suka sunkuyo suka shigo. Ta gaban doguwa ce, ramammiya, cikin zane mai shuni da ya sha wanki, da wata 'yar jaka rataye a wuya. Ban gane ta ba sai da ta yi murmushi na ga wushiryar Baba. Na yi ihu na rungume ta, na ji ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna.

Inna na zaune tana tsintar shinkafa. Yaya ta durƙusa har ƙasa ta ce, “Inna, mun same ku lafiya?” Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, “Lafiya lau. Ya hanya? Auta, ba baƙi ruwa.” Shi ke nan, bayan shekarun nan duka. Ba zan ɓoye ba, wani sanyi ya ratsa ni, na ce ashe dai ba wani abu ba ne. Sai da na dawo da ruwan na ga shinkafar nan ta zube rabi a kan tabarma, Inna na tsince tsakuwa tana mayarwa cikin faranti tana zubar da ƙwayar.

A jirgin sama Yaya ta zo, cikin ayarin da gwamnatinsu ta zaɓa. Ƙungiyar matan unguwarsu ce ta sa sunanta. 'Yar jakar wuyanta fasfo ne a ciki, da hotonta da hatimi. Na karɓa na jujjuya shi, na shinshina shi ma. Hanyar da ta cinye mana shekaru da ran Baba, ita ta yi ta tana zaune a kujera ana miƙo mata shayi. Kuma in ta gama za ta koma a tarye ta da guɗa a ce Hajiya ta sauka. Ni da nake iya hango hasumiyar Harami daga bakin ɗakinmu, ba wanda zai taɓa yi mini guɗa.

Matar da suka zo tare 'yar rakiya ce, don ba a barin ɗan ayarinsu ya fita shi kaɗai. Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Duk tambayar da muka yi wa Yaya, sai ta ɗan saci kallon matar nan sannan ta amsa da ƙarfi kamar mai magana da kurma: “Alhamdu lillahi, muna cikin wadata. Komai gwamnati ta tanada. Yara na makaranta kyauta.” Inna na gefe tana gyaɗa kai, fuskarta na kallon bango amma kunnenta na nan. Da yamma ta aike ni in sayo kaza. Kaza! Mu da tamis da ful, wato gurasa da wake, ne abincinmu, in an yi nama to Salla ce. Ta buɗe gwangwanin sukarin da muke tarawa don azumi ta zuba a shayin baƙi har cokali na tsayawa.

Da hidimar Hajji ta yi yawa aka daina kula wa ya fita da wa, Yaya ta fara zuwa ita kaɗai. Nan na fara ganin abubuwan da ba su dace da labarin wadata ba. In an ba ta shayi da sukari a gefe, sai ta sha rabi da ɗaci ta ƙulle sauran sukarin a bakin mayafi. Guntun sabulun da na jefar bayan wanki, na gan ta ta tsince shi ta goge ta sa a jaka. Gwangwanin madara ba ta bari a yar. Kafin ta faɗi magana ko ta miya ce sai ta dubi ƙofa.

Rannan na ja ta kasuwa. Muna tafe ina surutu, Hausata duk Larabci, tata duk Faransanci da yaren Kankan, sai na waiwaya babu Yaya. Na koma da baya hankalina a tashe, na same ta tsaye ƙyam a ƙarshen wani layin mata, ta riƙe jakarta da kyau.

Na ce, “Yaya, me kike yi a nan?”

Ta ce, “Shigo bayana maza kafin a ƙaru.”

“Kin san layin mene ne?”

“In mun matsa gaba ma ji. A wajenmu in kin ga layi shiga ake yi, daga baya a tambayi abin da ya zo.”

Layin mai sa haƙorin Makka ne. Hajiyoyi ne ke jiran a sa musu na zinariya su koma gida suna washe baki. Na yi dariya har na riƙe ciki, na ce mata ta zo mu tafi tun ba a cire mata na Allah ba. Ta yi dariyar ita ma, amma muna tafiya tana waiwayen layin, kamar ta bar wani abu nata a can.

A shagon mai yadi, wanda na sayi likkafanin Inna a wajensa, ta tsaya ta kasa shiga. Shi haifaffen nan ne, jikan Hausawa, yana da takardunsa da shagonsa, Hausarsa a karkace. Yaya ta dubi bandir-bandir na yadi har rufi, ta matsa ta tambaye shi a hankali, “Mutum ɗaya kamu nawa aka yarda ya saya?” Ya dube ni ya dube ta ya ce, “Ya Hajja, esh wannan magana? In akwai fulus ki kwashe shago kullu, ni in tafi gida in kwanta.” Fulus ɗin ne babu, wato kuɗi. Ɗan guzurin da aka canza musu ya tafi a masauki da hadaya. Ta ɓoyo wasu takardun kuɗin ƙasarsu a ƙugu, muka kai wa mai canji, ya ɗaga ɗaya ya duba gaba da baya ya turo mata abinta da ɗan yatsa. Ya ce wannan ko a Jidda ba mai karɓa.

A Mina ne ta buɗe baki. Mu 'yan Jarwal aikinmu ne a ranakun layya mu bi mayanka mu kwaso naman da alhazai suka yanka suka bari, mu yanyanka shi siri-siri mu shanya a igiya, mu ci rabin shekara. Yaya ta zo ta same mu a rumfarmu. Ta tsaya tana kallon raguna a yashe rana na dukansu, ta ce, “Innalillahi. Wannan duk ba mai shi?” Ta karɓi wuƙa ta zauna kusa da ni. Muna yanka tana magana ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago kai.

Ta ce katin gaskiya ne, akwai shi, da sunanta da na yara. Kantin ne ba komai a ciki. Sai a wayi gari a ji an ce mai ya zo, kowa ya bar abin da yake yi ya ruga, a wuni a layi, a zo kanka a ce ya ƙare. Wata rana abin da ya zo tocila ce babu batir, haka za ka karɓa don kada katinka ya tafi a banza. Manoma sun daina kawo shinkafa gari, don kuɗin da za a ba su ba abin da zai saya, sai su bi daji da ita su ƙetare iyaka. Wanda aka kama yana sayar da abu a bayan kanti, sunansa ɗan fasa-ƙwauri, kuma maƙwabcinka ne zai kai ka. Rijiyoyin rinin mijinta sun bushe, don ba farin yadin da za a tsoma. Shi da yake marini guda, ta ce, ga 'ya'yansa biyar suna yawo cikin buhun fulawa da aka huda wa wuya. Babbar ta fara zama budurwa, ta daina fita sai in Yaya ta dawo ta ba ta zanenta.

Na ce, “To ki saya musu a nan mana. Ko bashi ne ma ci.”

Ta girgiza kai. Ta ce in sun sauka ana zazzage kayan kowa. Sabon yadi na gwamnati ne, karɓewa ake yi. Dabino da tasbaha da ruwan Zamzam ne ke wucewa. Sai kuma likkafani, guda ɗaya ga kowane alhaji. Masu binciken 'ya'yan Musulmi ne, in suka ji ƙamshin kafur ba mai son sa hannu. Ta ce matan ayarinsu masu ɗan hali duk sun sayi nasu, kuma ba wadda ke da niyyar mutuwa a ciki.

Na tausaya mata, Allah ya sani. Amma da na juya zan rataya nama, sai na ga Inna a bayan igiyoyi, zaune, ta ba mu baya. Ta ji komai. Ranar ba ta ci abinci ba, washegari ma haka. Nan tausayin ya fara tsami a cikina. Shekara nawa ina gudun askar da faranti a ka, na faɗi na fasa gwiwa, an ƙwace mini gyaɗa an zubar a kwata, na dawo ina kuka, Inna ta ce in yi haƙuri ta ci tuwonta. Yau an ba ta labarin wahalar Yaya ta kasa haɗiyar ruwa. Da ina kishin daɗin da Yaya ke ji. Yanzu da daɗin ya zama ƙarya sai na koma kishin wahalarta, don ita ma ta fi tawa daraja.

Ana gobe za a kwashe su zuwa Jidda, Yaya ta zo sallama da hantsi. Tsarabarta duka ba ta cika ƙullin ɗankwali ba: dabino kaɗan, busasshen naman da na ba ta, gwangwanaye, guntayen sabulu. Inna ta tashi ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Ta fito da likkafanin ta ɗora a cinyata, fuskarta na wajen ƙofa, ta ce, “Auta, miƙa wa baƙuwar nan.”

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce, “Inna, wannan fa naki ne.”

“Na sani.”

“Ni na saya. Ni na jiƙa shi, ni na zauna a rana ina gadinsa. Kin manta yadda aka rufe Baba? Ke kika ce kada in bari.”

“Ban manta ba.”

“To bari in je wajen mai yadi yanzu. Zai ba ni bashi, in jiƙa shi kafin la'asar, in barbaɗa kafur, wa zai gane? Ta tafi da wancan, wannan ya zauna.”

Yaya na durƙushe tana hawaye tana cewa, “Inna, ki bar shi, wallahi ba don wannan na faɗa ba.” Inna ba ta dube ta ba. Ni ta duba, ta ce, “Ba wani nake so ta tafi da shi ba. Wannan nake so.”

Wannan maganar ce ta gama da ni. Da don yara ne kawai, kowane yadi ya isa. Inna ba ta iya rungumar 'yar fari, ba ta iya kiran sunanta, ba ta iya ce mata na yi kewarki. Abin da ta fi ƙauna cikin abin da ta mallaka shi take so ya bi Yaya gida, ya taɓa jikin jikokin da ba za ta taɓa gani ba. Kuma abin nan guda shi ne nawa. Na ce, “Halas, shi ke nan. Ku yi yadda kuka ga dama,” na tura shi gaban Yaya na fita waje na zauna a kan dutse ina huci.

Ban daɗe ba na leƙo, don zuciyata ba ta bar ni ba. Na tarar Yaya ta warware yadin a kan gado, ta ciro wata igiya daga ƙugunta mai ƙulli-ƙulli. Ashe tun daga gida ta auno yaran, kowane ƙulli tsawon yaro guda daga kafaɗa zuwa gwiwa. Tana ɗora igiyar a kan yadin a karkace, tana lissafi da baki, tana ɓata wuri. Yaya ba ta taɓa iya ɗinki ba, tun muna yara. Yadda take aunawar nan riga uku za ta fitar ta bar tarkace.

Na shigo na fizge igiyar na ce, “Matsa, kada ki lalata mini yadi.” Na shimfiɗa shi sosai, na auna da kamu, na juya na sake aunawa. Ba halin a yanka, ba halin a sa alli ko gawayi, don masu bincike za su gani. Sai na zare farin zare daga gefen yadin kansa, na riƙa yin ɗan ɗinki ƙanƙane a duk inda almakashi zai bi, wanda ido ba zai gani ba sai yatsa ya lalubo. Na fitar da riguna huɗu da zane guda na babbar, da ɗan saura na ɗankwali. Na kama yatsan Yaya na bi da shi kan kowane ɗinki ina cewa nan za ki yanka, nan wuya ne, nan hannu, kada ki kuskura ki fara daga wancan gefen. Na soke allurai biyu cikin lanƙwasar bakin yadin. Duk abin nan ban yi mata murmushi ba, ita ma ba ta nema ba. Muka ninke shi yadda ake ninke likkafani, na ƙara kafur.

Da za ta tafi ta durƙusa gaban Inna ta daɗe. Inna ta ce, “Allah ya kiyaye hanya. A gai da mutan gida.” Ni na raka ta har bakin titi. Ta rungume ni ta ce, “Auta, ke kin more, kina tare da ita kullum.” Na dube ta, da fasfonta a wuya da likkafanin Inna a hammata. Ashe ita ma da nata kishin ta zo, da shi kuma za ta koma.

Ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Ayarin ƙasarsu na zuwa duk shekara, ina bin masaukinsu ina tambaya, kowa sai ya dubi na kusa da shi ya ce bai san ta ba. Ban san ko yadin ya wuce ba, ban san ko ta yanka daidai ba.

Hajji biyu na yi ina wanki kafin in iya sayen wani. Na sa mai yadi ya sauko da wanda ya fi na farko kauri da faɗi. Na jiƙa shi da Zamzam, na shanya, na kore tantabaru, na kawo gida na ɗora wa Inna a cinya. Lokacin idonta ya fara rauni. Na zauna a gabanta ina jira. Na san abin da nake jira, kalmomin nan na wancan karon nake so ta maimaita.

Ta shafa shi. Ta kama gefe guda ta kai gwiwar hannu, ta auna kamu ɗaya, ta sake, ta sake, har ta kai ƙarshe. Sannan ta ce, “Wannan ya fi wancan faɗi. Da shi ta samu, da har wando ya fita wa ƙananan.”

Na karɓa na ninke na sa a akwati. Shekara ba ta zagayo ba Inna ta rasu, da rana tsaka, kanta a cinyata. Ni na wanke ta, ni na yanka yadin, ni na naɗe ta, ba a roƙi ƙyallen kowa ba. Ya rufe ta ruf har ƙafa, har ya yi saura mai yawa. Matan da suka taya ni suka ce in ba da sauran sadaka. Na ce a'a. Na auna shi da kamu bayan sun tafi, wando biyu ne cif na ƙananan yara.